Idan Wani a Dangi Ya Taɓa Kashe Kansa: Shin Ana Gado?

A asibiti mukan tambayi majinyaci ko akwai mai hawan jini ko ciwon suga a danginsa, kuma ya amsa ba da wata fargaba ba. Amma da an tambayi ko wani a dangi ya taɓa kashe kansa, sai a yi shiru. Wasu ma sai da suka girma suka ji a bakin wata gwaggo cewa kakansu ba zazzaɓi ne ajalinsa ba kamar yadda aka faɗa musu. Abin da kan biyo baya shi ne tsoro: ni ma haka zan ƙare? 'Ya'yana fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ke nan iyalan da ke riƙe da irin wannan sirri suna da yawa.

Me bincike ya nuna?

Ba a gadon kashe kai kamar yadda ake gadon sikila. Babu wata ƙwayar halitta guda ɗaya da za a gwada a jini a ce wannan ce. Sai dai gaskiya ne abin yakan yawaita a wasu dangi. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado na da hannu da kimanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na bambancin haɗarin a tsakanin mutane. Sauran kuwa rayuwa ce da abin da mutum ya tarar a cikinta. Manyan nazarce-nazarce a Denmark da Sweden, inda ake ajiye bayanan lafiyar kowa, sun gano cewa wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya kashe kansa yana da haɗarin da ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku.

Wannan ninki yana da ban tsoro a kunne, amma abin da ake ninkawa ƙarami ne. A duniya, mutum 9 ne ko kusa da haka cikin kowane 100,000 ke mutuwa ta wannan hanya a shekara. Ko an ninka sau uku, mafi yawan masu wannan tarihi ba za su taɓa yin hakan ba.

Kusanci ma yana da tasiri. Mutum ya haɗa rabin ƙwayoyin halittarsa da mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Da kaka, da kawu, da ɗan uba kuwa rubu'i ne. Idan aka kai ga kakan mahaifi, ɗaya cikin takwas ne kawai. Don haka labarin wani kakan-kaka da ya rasu shekara 80 da suka wuce bai kai nauyin na uba ko uwa ba.

To me ake gada?

Abubuwa biyu ne. Na farko, saurin kamuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa: ciwon damuwa mai tsanani, ciwon baifola (wanda mutum kan yi makonni cikin zumuɗi da rashin barci, sannan ya faɗa baƙin ciki), sikizofireniya, da jarabar shaye-shaye. Na biyu, wani hali na saurin fushi da aikata abu ba tare da tsayawa tunani ba.

Wani bincike da aka wallafa a 1985 a kan al'ummar Amish na jihar Pennsylvania a Amurka ya fito da wannan fili. Mutane ne da ba su shan giya, kuma zumuncinsu na da ƙarfi. A shekara 100, daga 1880 zuwa 1980, an samu mutum 26 da suka kashe kansu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu daga zuriya huɗu kacal suka fito, waɗanda ciwon damuwa da baifola suka yi wa yawa. Amma akwai wasu zuriyoyin da ciwon ya yi musu yawa haka nan, ba a samu ko mutum ɗaya ba. Wato ciwon shi kaɗai bai isa ba.

Akwai kuma abin da ba na jini ba. Yaron da ya rasa uba ta wannan hanya ya rasa mai ciyar da shi, ga maraici, ga tsegumin unguwa, wani lokaci ma shi ne ya fara ganin gawar. Nazarin Sweden ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga waɗanda abin ya faru suna yara ko matasa. A ganina wannan ɓangaren ne dangi suka fi iko a kansa, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Ɓoyewa da batun aure

Dalilin ɓoyewa sananne ne: kunya, da tsoron kada a ƙi auren 'ya'yan gidan idan aka zo binciken asali. A likitance, mutuwar wani kaka ba hujja ba ce ta fasa aure. Ba dole ba ne a sanar da duniya, amma likita ya kamata ya sani, domin yana sauya magani. Misali, mai ciwon damuwa da ke da baifola a dangi, idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tayar masa da zumuɗin. Maganin litiyom da ake ba masu baifola kuwa an tabbatar yana rage haɗarin kashe kai. Mace mai juna biyu ma ta faɗa a wurin awo, don a sa mata ido bayan haihuwa.

Yara kuwa, gara su ji daga bakin na gida, daidai shekarunsu: kaka ya yi ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, ba laifin kowa ba ne, kuma yanzu akwai magani. Ba sai an faɗi yadda abin ya faru ba.

Alamomin da ba a jira

A kai mutum asibiti a ranar idan yana cewa gara ya mutu ko ya zame wa mutane kaya, yana rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, ya daina shiga mutane, ko shaye-shayensa ya ƙaru. Wanda ya taɓa yunƙuri a baya ya fi kowa haɗari, fiye ma da mai tarihin dangi.

A tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magungunan feshi, tarin ƙwayoyin magani da makamai daga gidan, saboda tsananin tunanin kan zo ne ya lafa cikin ɗan lokaci. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti.

Idan kai ne kake jin haka, ka faɗa wa wani da ka yarda da shi yau, ka je sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko ka kira 112 a Najeriya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Maganin damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, kuma 'yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar a riƙa duba su sosai a makonnin farko. Kada a daina shan magani don an ji sauƙi sai likita ya ce.