Isaac Fadoyebo da manomin da ya ɓoye shi a Bama

In ana ba da labarin Yaƙin Bama, da sunayen janar-janar na Ingila ake farawa. Amma wanda ya bi sawun ƙaramin soja guda zai tarar cewa talakan ƙauye ne ya riƙe ran ɗan'uwansa talaka a lokacin da daula ta yanke ƙauna da shi. Isaac Fadoyebo ɗan Emure-Ile ne, kusa da Owo a ƙasar Yarbawa. Yana da shekara 16 ya shiga soja a 1942, aka koya masa aikin jinya, aka tura shi runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, inda 'yan Arewa ke da yawa, har Hausa ce harshen da sojojin Najeriya suka fi magana da shi a tsakaninsu. Ranar 2 ga Maris, 1944, Japanawa suka buɗe wa ayarinsu wuta a bakin kogin Kaladan a ƙasar Bama. Harsashi ya farfasa masa ƙafar dama, aka bar shi kwance cikin gawarwaki.

Shi da wani sojan Saliyo, David Kargbo, sun kwashe kimanin wata tara a bayan layin abokan gaba. Wanda ya ɗauki nauyinsu shi ne Shuyiman, manomi Musulmi wanda shi ma da ƙyar yake ciyar da gidansa. Da farko yakan kai musu shinkafa cikin daji, daga baya ya shigo da su ɗakinsa, alhali ya san da Japanawa sun gano, da shi da iyalinsa ba za su kwana ba. Isaac Kirista ne, baƙo, ba ya da abin biya. A gida kuwa an riga an ɗauka ya mutu.

Wani zai ce ai Turawa ba su yi watsi da shi ba, tunda bayan an ceto shi a Disamba 1944 an yi masa magani a Indiya, ya dawo ya sami aikin gwamnati a Legas. Haka ne. Sai dai karatun boko da ya yi tun kafin yaƙi ne ya buɗe masa wannan ƙofa, kuma da shi ya rubuta tarihinsa har duniya ta sani. Dubban abokan yaƙinsa, musamman na Arewa da ba su shiga makarantar boko ba, gona suka koma, wasu suka ƙare a gadi, raunukansu ba wanda ya rubuta. Shi kansa Isaac da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa.

Abin da ya ci gaba da damunsa shi ne bai yi wa Shuyiman godiya yadda ya kamata ba. A 2011 ɗan jaridar Aljazeera, Barnaby Phillips, ya kai wasiƙar godiyar Isaac har ƙauyen Shuyiman a jihar Rakhine ta Bama. Shuyiman ya riga ya rasu, 'ya'yansa aka karanta wa. Isaac ya rasu a 2012.