Garin Haina Da Gubar Dalma

Bajos de Haina, wanda aka fi sani da Haina, gari ne a lardin San Cristóbal na Jamhuriyar Dominikan, a tsibirin Hisfaniyola da ke tekun Karibiyan. Yana bakin kogin Haina, kimanin kilomita 20 yamma da Santo Domingo, babban birnin ƙasar. Tun a shekarun 1490 Turawan Sifen suka sami zinariya a kusa da kogin, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa suka bar mazauninsu na arewacin tsibirin suka kafa Santo Domingo a kudu. Da zinariya ta ja baya sai aka koma noman rake, ana kawo bayi daga Afirka. A 1796 bayin wata gonar rake a Boca de Nigua, maƙwabciyar Haina, suka yi bore, aka murƙushe su da ƙarfin bindiga.

Haina ta zama garin masana'antu ne a zamanin Rafael Trujillo, wanda ya yi mulkin kama-karya daga 1930 zuwa 1961. Shi haifaffen San Cristóbal ne, kuma a farkon shekarun 1950 ya gina katafaren kamfanin sukari a bakin kogin. A 1973 aka buɗe matatar mai, haɗin gwiwar gwamnati da kamfanin Shell. Tashoshin wutar lantarki da na jiragen ruwa da sauran masana'antu suka biyo baya. Talakawa daga karkara suka yi ta kwararowa neman aiki, suna gina gidaje a jikin katangun kamfanoni, domin can ne filin da suke iya samu.

Abin mamaki, ba matatar man ce ta fito da sunan garin a duniya ba. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Metaloxa, wanda yake fasa tsofaffin baturan mota yana narkar da dalmar da ke cikinsu, a wata unguwa da ake kira Paraíso de Dios, wato Aljannar Ubangiji. Dalma ba ta ruɓewa. Hayaƙinta yakan sauka ya zama ƙura a ƙasa da kan kwanon abinci, yara masu rarrafe su kai ta baki. Idan ta shiga jini takan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa karatu, idan ta yi yawa kuma sai farfaɗiya ko mutuwa.

A watan Maris na 1997 aka auna jinin yara 116 na unguwar, aka tarar matsakaicin dalmar da ke cikinsa ya kai maikirogiram 71 a kowace desilita. A wancan lokaci, likitocin Amurka suna ɗaukar 10 a matsayin iyakar da ke nuna akwai matsala. A shekarar aka rufe kamfanin, kuma da aka sake awo a watan Agusta adadin ya sauka zuwa 32. Sai dai rufe ƙofa bai kwashe dattin ba. An bar tarin tokar dalma a filin, ruwan sama yana wanke ta yana gangarawa da ita cikin gidaje. Haka aka zauna fiye da shekara goma, kuma a ganina wannan sakaci ya fi aikin kamfanin muni, tunda a lokacin kowa ya riga ya san illar.

A 2006 cibiyar Blacksmith ta Amurka ta saka Haina cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. Daga 2008 zuwa 2010, cibiyar da kamfanin TerraGraphics da ma'aikatar muhalli ta ƙasar suka haƙe gurɓatacciyar ƙasar, aka mayar da filin wurin shaƙatawa. Waɗannan ƙungiyoyi biyu suna cikin waɗanda suka je Zamfara a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400, suka yi irin wannan aikin na kwashe ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa.