BABI NA BIYU: ASALI DA SUNA DA SIFFOFIN ƘARFEN TITANIYAM

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin asalin ƙarfen titaniyam, da yadda aka raɗa masa suna, da kuma siffofin da suka bambanta shi da sauran ƙarafa. Mutane da dama sun ɗauka cewa ƙarfinsa ne ya jawo masa wannan suna. Tarihi kuwa ya nuna an raɗa sunan fiye da shekara ɗari kafin a ga tsantsar ƙarfen, balle a gwada ƙarfinsa.

2.1 Gano Titaniyam

A shekarar 1791 wani limamin coci mai suna William Gregor, wanda yake da sha'awar nazarin duwatsu, ya tsinci wani baƙin yashi a wani rafi da ke yankin Manaccan cikin lardin Konwal na ƙasar Ingila. Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne maganaɗisu yana kama yashin. Da ya tace shi, sai ya tarar da baƙin ƙarfe a ciki, tare da wani sinadari da ya kai kusan rabin nauyin yashin, wanda bai yi daidai da kowane ƙarfe da aka sani ba. Gregor ya kira wannan ma'adini da sunan yankin da ya same shi. A yau ana kiransa ilmenait, daga sunan duwatsun Ilmen na ƙasar Rasha. Irin wannan yashi ne ake samu haɗe da kuza a tsaunukan Jos.

2.2 Raɗa Suna

Bayan shekara huɗu, wato a 1795, wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe da ke birnin Balin, Martin Heinrich Klaproth, ya yi nazarin wani jan dutse da ake kira rutail, wanda aka kawo daga ƙasar Hungari ta wancan zamani. Shi ma ya ci karo da wannan baƙon sinadari. Shi ne ya raɗa masa suna titaniyam, daga kalmar Titan. A tatsuniyoyin Girkawan dauri, Titan suna ne na wasu ƙatti da aka ce 'ya'yan sama da ƙasa ne.

Abin lura a nan shi ne dalilin da Klaproth ya bayar. A ganinsa, idan ba a san halayen abu ba, bai dace a ba shi sunan da zai siffanta shi ba, domin kada sunan ya ɓatar da masu zuwa baya. Saboda haka ya zaɓi sunan da ba ya nuni ga launi ko nauyi ko tauri. Dama a 1789 ya raɗa wa yuraniyam suna daga duniyar Yuranus. A 1797 ya gwada yashin Konwal, ya tabbatar da cewa abu ɗaya suka gano, kuma bai yi ƙyashin amincewa da cewa Gregor ya riga shi ba. Dukkansu biyu sun rasu a 1817 ba tare da sun ga tsantsar ƙarfen ba. Hausawa kan ce suna linzami ne. Daga baya aka gano ƙarfen ya ci sunansa.

2.3 Wahalar Tacewa

Titaniyam shi ne na tara a yawa cikin sinadaran da ke ɓawon ƙasa, don haka ƙaranci bai cikin abin da ya jinkirta amfani da shi. Matsalar tana cikin halinsa. Idan ya ɗauki zafi yakan haɗu da iskar oksijin da naitirojin da gawayi, sai ya zama mai saurin karyewa. Ke nan hanyar da ake bi a narka tama da gawayi ba ta yi masa.

Sai a 1910 Matthew Hunter, a cibiyar fasaha ta Rensselaer da ke jihar Niyok ta Amurka, ya samar da titaniyam mai tsarkin kashi 99.9 cikin ɗari, ta hanyar dafa haɗinsa na kulorin da sodiyam a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Tsakanin wannan da aikin Gregor shekara 119 ne. Daga nan William Kroll, ɗan ƙasar Lukzambag, ya maye gurbin sodiyam da magniziyam a ƙarshen shekarun 1930, kafin ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1940. Kamfanin DuPont ya fara samar da ƙarfen don kasuwa a 1948. Hanyar Kroll tana cin lokaci da wuta, kuma wannan ne tushen tsadar titaniyam.

2.4 Siffofin Titaniyam

Lambarsa a jadawalin sinadarai ita ce 22, alamarsa kuwa Ti. Yana narkewa a zafin digiri 1,668 na ma'aunin Salshiyos. Siffofinsa da suka fi fice guda uku ne:

(i) Rashin nauyi: murabba'in dunƙulensa mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da nauyin giram 4.5, alhali na baƙin ƙarfe ya kusa giram 7.9. Duk da haka, idan an gauraya shi da alminiyam da banadiyam, ƙarfinsa yakan yi kafaɗa da kafaɗa da na ƙarfen da ake ƙera injuna da shi. Shi ya sa Amurka ta ƙera mafi yawan jikin jirgin leƙen asiri na SR-71 da shi, Tarayyar Sobiyet kuma ta yi jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku.

(ii) Rashin tsatsa: da zarar iska ta taɓa shi, sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda ke kare shi ko a ruwan gishiri.

(iii) Jituwa da jikin ɗan'adam: likita Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya lura ƙashi yana manne wa titaniyam. A 1965 ya dasa wa majinyaci tushen haƙora na wannan ƙarfe.

Sai dai mafi yawan ma'adinin da ake haƙowa ba ya zama ƙarfe. Farar hoda ake yi da shi, wadda ake sa wa fenti da takarda da roba.

2.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Gregor ne ya gano titaniyam, Klaproth ya raɗa masa suna, Hunter ya tace shi, Kroll kuma ya buɗe masa hanyar masana'antu. An kuma nuna cewa suna ya riga sanin hali, domin rashin sanin siffofin ƙarfen ne ya sa aka nemo masa suna daga tatsuniya.