Motar da aka tuƙa a kan wata

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kora amalanke da dare, ba fitila? To, saurari labarin direban da ya sha irin wannan wuya.

Ranar 17 ga Nuwamba 1970, mutanen Tarayyar Sobiyet suka sauke mota a kan watan nan da kake gani a sama. Sunanta Lunokod 1. Ƙafafunta takwas. Ba kowa a cikinta. Direbanta yana nan duniya, a yankin Kirimiya, zaune gaban talabijin, shi da abokan aikinsa huɗu.

Ƙaƙa yake ganin hanya? An sa wa motar idanu biyu a gaba, wato kamara, abin ɗaukar hoto. Amma hoton ba ya gudana. Ɗaya ya zo ya tsaya, wani lokaci sai an jira daƙiƙa 20 kafin na biyu, mota kuwa tana ta tafiya. Ga kuma wata wahala: idanun sun yi ƙasa. Ka san wanda ya durƙusa ba ya hango rami da wuri. Duk da haka ta yi kilomita 10 da rabi.

Direbobin suka koka, aka kuwa ji su. Da aka aika Lunokod 2 a 1973, an ƙara mata ido na uku a sama. Ta yi kilomita 39 cikin wata huɗu.

A 2004 Amurka ta sauke motoci biyu a duniyar Mas. Idanunsu na duba hanya suna kan dogon wuya, kamar na raƙumi. Mas tana da nisa, saƙo yakan yi mintoci kafin ya isa. Saboda haka motar takan duba da kanta, ta kauce wa dutse.