Asalin Bahon Haihuwa a Turai

Hausawa sun san wankan jego bayan an sauka, amma Turawa tun ana naƙuda suke shiga ruwa. A shekarun 1970 ne likita Michel Odent ya ajiye bahon roba a asibitin Pithiviers na Faransa, domin ruwan ɗumi ya sassauta zafin naƙuda. Sai wasu mata suka haihu kafin su fito. A 1983 ya bayyana haihuwa 100 irin wannan a mujallar Lancet. Daga baya aka ƙera baho na musamman, wanda ya fi na wanka zurfi da faɗi, domin ruwa ya rufe cikin mace, ungozoma kuma ta isa gare ta ta kowane gefe. Sharaɗinsa, kada ɗumin ruwan ya zarce na jiki, gudun cutar da jariri.