Yadda Ake Wanke Gashi Da Taje Shi Da Kwandishana A Gida

Gashi mai nannaɗewa, irin na yawancin mutanenmu, yana saurin bushewa, domin maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa da sauƙi har bakin sili. A Kudenda, kudu da Kogin Kaduna, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu takan ƙara busar da shi, har taje ya riƙa karya shi.

Mutum kan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Idan kai na kitse, silin da suka zube suna nan maƙale a ciki. Shi ya sa wadda ta tsefe kitson wata guda ta zuba shamfu nan take, gashinta kan dunƙule, wani lokaci sai an sa almakashi.

A fara raba gashin gida huɗu, a jiƙa, a shafa kwandishana sosai. A warware da yatsu tukuna, sannan a kawo mataji mai manyan haƙora, ana farawa daga baki zuwa tushe. Bayan nan a wanke fatar kai da shamfu, a sake shafa kwandishana na minti biyar, a ɗauraye, a bi da man kaɗanya tun gashin na da danshi. Inda babu kwandishana, ruwan karkashi mai yauƙi yana ba da irin wannan santsin.