Ƙidayar giwaye ta hanyar tauraron ɗan Adam

Sanin adadin namun daji shi ne matakin farko na kare su, domin da alƙaluma ne hukumomi ke gane ko wata dabba na raguwa, da kuma inda ya kamata a tura masu gadin daji.

Shekaru da dama ana ƙidayar giwayen Afirka ne da ƙananan jiragen sama, inda ma'aikata ke leƙawa ta taga suna lissafi. Ta wannan hanya aka gudanar da babbar ƙidayar da aka bayyana sakamakonta a shekarar 2016, wadda ta gano giwaye kimanin dubu 352 a ƙasashe 18. Ta kuma nuna cewa yawansu ya ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014, galibi saboda masu farautar haure.

Sai dai aikin jirgin na da tsada da haɗari. Idon mai ƙidaya kan gaji, kuma akan ƙirga garke ɗaya sau biyu.

Yadda sabuwar hanyar take

A farkon shekarar 2021 ne aka ba da labarin wani bincike na masana daga jami'o'in Oxford da Bath na Birtaniya, a gandun daji na Addo da ke Afirka ta Kudu. Sun yi amfani da hotunan tauraron WorldView-3, wanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 600 daga doron ƙasa.

Da farko masanan kan yi wa giwayen da ke cikin hotuna alama da hannu, sannan su nuna wa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Daga waɗannan misalai take koyon bambanta giwa da dutse ko inuwar bishiya, har ta iya zaƙulo ta da kanta a sabon hoto. Binciken ya nuna cewa ƙidayar na'urar ta yi kusan daidai da ta mutane.

Tauraron na iya ɗaukar hoton fili mai faɗin murabba'in kilomita dubu biyar cikin 'yan mintoci. Ba ya firgita dabbobi, kuma iyakokin ƙasashe ba sa tare shi, kamar yadda ba sa tare giwayen.

Inda matsala take

Gajimare kan rufe ƙasa, kuma hotunan na da tsada. Haka nan tauraron ba ya hango abin da ke ƙarƙashin bishiyoyi.

Wannan na nufin hanyar ba ta da amfani sosai ga giwayen kurmi na ƙasashe irin su Gabon da Kongo, waɗanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa a shekarar 2021. A can, masu bincike kan shiga daji ne da ƙafa, suna ƙiyasta yawan giwayen ta hanyar ƙirga kashinsu.